Ai a Waya Na Gani

Mu a unguwar nan, duk abin da ya faɗo cikin wayar mutum ya zama nasa. Hoto ne, waƙa ce, littafi ne, karatun malami ne, da zarar ya sauka a WhatsApp magana ta ƙare: ya zama gado, ba kuwa mai tambayar wane ne mamacin. Za ka ga mutum ya liƙa hoton hawan daushe a shafinsa na Facebook, dawakai sun sha ado, ƙura ta tashi daidai inda ake son ta tashi, ka tambaye shi wa ya ɗauka, sai ya dube ka sheƙeƙe ya ce, "Ai a waya na gani." Wani ma har sunansa yake rubutawa a gindin hoton da manyan baƙaƙe, wai don kada ɓarayi su sace masa.

Haka muke tafe abinmu, ba mai ce wa wani kanzil, sai da yaranmu suka fara rubutu a Wikipedia ta Hausa. Daga nan aka fara jin kanmu.

Akwai wani yaro ɗan gidan tela, wanda majalisarmu ta teburin mai shayi ta laƙaba wa suna Ɗan Wiki. Yaro ne natsattse, yana jami'a, kuɗin datar da tsararrakinsa ke ƙonawa wajen kallon barkwanci shi a rubutu yake ƙona nasa. Ya zauna ya haɗa tarihin marigayi limamin Juma'armu daga abin da jaridu suka buga da wani kundin digiri da aka rubuta a kansa. Da ya zo neman hoto sai ya nufi gidan marigayin. Babban ɗan ya ciro wanda ke rataye a falo, ya goge ƙurar gilashin da hannun riga, ya ce, "Ɗauka mana, ai alheri za ka yi wa Baba." Yaro ya ɗauki hoton hoton da wayarsa, ya haɗa da wasu na masallaci da ya kwaso a Facebook, ya ɗora su a Commons. Commons ɗin nan ita ce ma'ajiyar da Wikipedia ta kowane harshe ke ɗibar hotuna a cikinta. An buɗe ta a 2004, yanzu abin da ke ciki ya haura miliyan 100. A wurin ɗorawa akwai tambaya: wannan aikinka ne ko na wani? Ya danna nasa ne. Ai da wayarsa ya ɗauka, da hannunsa.

Ba a jima ba wani ɗan sa-kai, wanda Allah kaɗai ya san a wace ƙasa yake zaune, ya bar masa saƙo cikin ladabi. Ya ce hoton Liman akwai tambarin shagon hoto a kusurwarsa, na masallacin kuma ya lalubo su a wasu shafuka da suka riga shi da shekaru. Ana neman izinin waɗanda suka ɗauka, in ba a samu cikin kwana bakwai ba za a goge. Yaro ya ɗauka wasa ne. Da wa'adi ya cika ya buɗe, tarihin Liman na nan, hoto kuwa ya ce ɗauke ni inda ka ajiye.

Bayan isha'i ya iso majalisa yana huci. "Wai ni za a mayar ɓarawo? Ɗan mamaci da kansa ya miƙo min hoton nan!"

Alhaji mai kanti, wanda ba a taɓa kawo maganar da ba shi da fatawa a kanta ba, ya ce, "Rabu da su, ɗan nan. Baƙin ciki ne kawai irin na Bature. Ba sa son a ga namu, sai nasu." Aka shiga gyaɗa kai, don mu duk abin da ya ƙi mu, bayanin da ya fi mana sauƙi shi ne hassada.

Baba mai hoto yana gefe yana fifita shayinsa. Tsoho ne da ya ga jiya, tun zamanin da ake rataya labule mai zanen bene a bayanka, a ba ka tarhon da ba ya aiki ka kara a kunne a ɗauke ka. Ya ɗago ya ce, "Wane hoto ne? Wanda Liman ya naɗa farin rawani, carbi a hannun dama, ga tukunyar fure a gefe?"

"Shi fa, Baba."

"To ni na ɗauka. A shagona, shekarar da aka soke zaɓen Abiola. Tambarin nan da Baturenka ya gani nawa ne. Shi daga uwa duniya ya hango shi, kai da ka riƙe hoton a hannu ba ka gani ba."

Majalisa ta kwashe da dariya, har mai shayi ya kusa ɓarar da gwangwanin madara.

Alhaji bai saduda ba. "Tsaya, Baba. Liman ya biya ka ko bai biya ka ba?"

"Ya biya, Allah ya jiƙansa, har da tukwici."

"To shi ke nan. Abin da mutum ya sa kuɗinsa ai nasa ne, ya mutu ya bar wa 'ya'yansa."

Nan tsohon hedimasta ya rage muryar rediyonsa. Shi ne lauyan majalisa, duk da bai taɓa taka ƙofar kotu ba. Ya ce abin da Liman ya saya takardar ce, wadda ke cikin gilashi. Ita kam ta magada ce, su rataye, su kyautar, ba ruwan kowa. Amma ikon a ce a buga hoton a kalanda ko a bangon littafi yana hannun wanda ya saita kyamara ya danna, sai fa in an yi yarjejeniya ya sallama. Ba kuma sai mutum ya je wani ofis ya yi rajista ba, da ɗaukar hoton haƙƙi ya tabbata. Haka ƙa'idar yarjejeniyar Berne take, wadda Najeriya ta shiga a 1993, shekarar ma da Liman ya zauna gaban kyamarar Baba. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta ɗan duba mai biya: wanda ya sa aka ɗauke shi hoto don amfanin gidansa yana iya amfani da shi in ba kasuwanci zai yi ba, yana kuma iya hana a yaɗa shi. Amma ya ce wa duk duniya ku zo ku ɗiba, wannan ba huruminsa ba ne. Hoto shekara 50 doka ta ba shi, don haka na Liman sai an wuce 2043.

Baba mai hoto ya ce, "Shi ya sa a da ba ma ba da fim. Kana son ƙari, ka dawo shago a wanke maka. Mu ba mu san lambar doka ba, amma mun san abincinmu."

Mai shayi, wanda kunnensa ke wurinmu hannunsa na kan buta, ya jefo tasa. "To ni da na ba almajiri wayata ranar Sallah ya ɗauke ni, hoton nawa ne ko nasa?"

Hedimasta ya ce, "Waya taka, fuska taka, hoto na almajiri."

"Haba, Yallaɓai!"

A nan Ɗan Wiki ya ɗan huce, don an zo inda ya fi kowa sani. Ya ce ai har a kan biri an yi wannan shari'ar. A 2011 wani Bature mai ɗaukar hoton namun daji ɗan Ingila, David Slater, ya je tsibirin Sulawesi a ƙasar Indonesiya. Wani baƙin biri mai tukku ya samu kyamararsa ya yi ta dannawa, ya ɗauki kansa ya washe haƙora, hoto ya fito tangaran. Aka ɗora shi a Commons. Bature ya ce a cire, nasa ne. Gidauniyar Wikimedia ta ƙi a 2014, ta ce ba shi ya danna ba, biri kuma ba ya mallakar komai, don haka hoton ba na kowa ba ne. Ana cikin haka a 2015 ƙungiyar kare dabbobi ta PETA ta maka Baturen a kotu a Amurka a madadin birin, wai kuɗin hoto na biri ne. Sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar haƙƙin mallaka ba ta ba dabba damar shigar da ƙara ba.

Alhaji ya riƙe baki. "Biri ya samu lauya, ni shekara nawa ina bin bashina a kasuwa ban samu ba."

Ni dai a wannan shari'ar tausayin Baturen na ji. Mutum ya sayi tikiti, ya shiga daji, ya bi birai har suka saba da shi, ya ce shi ya kafa kyamarar ya daidaita ta, sannan a ce masa yatsan da ya danna ake dubawa. Amma ko ba komai labarin ya nuna cewa mutanen nan ba wai namu suka tsana ba. Nasu ma ba su raga masa ba. Tambaya ɗaya suke yi wa kowa, wa ya yi abin nan, kuma me ya ce a yi da shi.

Baba mai hoto ya kurɓi shayi ya ce, "To na ji. Liman mutumina ne. Na yafe, je ka mayar da hoton."

Ɗan Wiki ya sosa ƙeya. "Allah ya ƙara girma, Baba, ai a nan gizo ke saƙar."

Ya ce "na yafe" a teburin mai shayi ba ta isa can. "Sa shi a Wikipedia kawai" ma ba ta karɓuwa. Abin da suke so, mai hoton da kansa ya aika saƙon imel ga 'yan sa-kan da ke duba izini, ya ce ni ne na ɗauki hoto kaza, ni ke da haƙƙinsa, na sake shi a ƙarƙashin lasisi kaza. In sun gamsu sai su liƙa shaida a shafin hoton, a maido shi. Lasisin da aka fi amfani da shi sunansa CC BY-SA, na wata ƙungiya ce, Creative Commons, da aka kafa a Amurka a 2001, cikin waɗanda suka kafa ta akwai wani farfesan shari'a, Lawrence Lessig. Sharaɗi biyu ne a cikinsa. Duk wanda ya ɗauka ya ambaci sunan mai shi, in kuma ya sarrafa shi ya fitar da wani abu, to sabon abin ma ya sake shi a kan wannan sharaɗin. Ban da wannan, kowa na iya kwafa, ya yanke, ya canza launi, ya buga, ya sayar.

Baba ya ajiye kofi. "Ya me?"

"Ya sayar, Baba. Mai kalanda zai iya buga dubu ya kai kasuwa, ba zai ba ka ko ƙwandala ba, sai dai ya rubuta sunanka a ƙasa."

"In na ga abin ya yi yawa na ce na fasa fa?"

"Ba fasawa. In ka saki, ka saki ke nan."

Aka yi tsit. Ashe kyautar da muke yi da baki, "ɗauka mana, ba komai", tana mana sauƙi ne don mun san gobe in rai ya ɓaci za mu iya cewa ba haka muke nufi ba. Da aka ce a rubuta, a sa suna, ba janyewa, sai ga tsohon da ya yafe yanzun nan yana lissafi da yatsu.

Alhaji ya ce to a sa sharaɗin ban da kasuwanci mana. Ɗan Wiki ya ce akwai irin wannan lasisin, akwai ma wanda ke hana a taɓa hoto ko a canza shi, amma Commons ba ta karɓar ko ɗaya cikinsu. Dalilinsu shi ne Wikipedia ba a shafinta kaɗai take zaune ba. Akwai manhajar Kiwix da ake zuba ta ɗungurungum a kwamfutocin makarantun da ba intanet, akwai masu buga littattafan karatu, akwai jaridu. In kowane hoto na ɗauke da nasa sharaɗin, duk wanda zai kwafi kundin sai ya bi mutum dubu yana roƙo.

Malam na Islamiyya, wanda tun ɗazu yake jan carbi bai ce uffan ba, ya gyara zama. "Wannan ai waƙafi kuke ta kwatantawa. Wanda ya haƙa rijiya ya yi waƙafinta, ya damƙa wa jama'a, ba ya dawowa bayan shekara ya sa mata kwaɗo don ya ga mai garuwa na ɗiba yana sayarwa." Ya juya wajen Ɗan Wiki. "Kuma sharaɗin farko na waƙafi, abin ya zama mallakarka. Kai ka je ka yi waƙafi da rijiyar Baba."

Dariya ta sake ɓarkewa. Yaro ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Alhaji ya ga ƙofa ta buɗe ta wajen addini, ya kutsa. "Allah gafarta Malam, ilimi ai na Allah ne. Ba an hana ɓoye shi ba? Ina aka taɓa jin malaman da suna karɓar kuɗin kwafe littafi?"

Malam ya ce gaskiya ne akwai malaman da ke ganin haka har gobe. Amma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, ba ya halatta a yi musu ta'adi. Sannan ya ce a je a buɗe gafakar kowane tsohon malami a duba littattafan da aka kwafa da hannu, na Shehu Usmanu, na Abdullahin Gwandu, waƙoƙin Nana Asma'u. An kwafa, an sake kwafa, daga Sakkwato har Adamawa, ba wanda ya biya mawallafi sisi. Amma ba za ka ga an kankare sunan mawallafi ba. Mai kwafa ma a ƙarshe yakan rubuta nasa sunan a matsayinsa na mai kwafa, ya roƙi a yi masa addu'a. Ɗalibi kuma in zai karantar sai ya faɗi wanda ya ba shi izini, da wanda ya ba wancan.

Wannan maganar ta Malam ita ta tsaya min. Mu ne jikokin mutanen da ba sa karanta layi ɗaya sai sun ce daga wa suka ji, mu ne kuma yau muke yanke sunan mai hoto daga gefen hoto kafin mu tura. Ba Bature ne ya zo mana da ambaton mai abu ba. Mu muka yar, aka tsinta aka rubuta a takarda.

Da aka gama da hoto sai hedimasta ya taso da rubutu, don ya ce ya leƙa wasu shafukan na Hausa ya ji ƙamshin gidan rediyo. Gaskiyarsa. Da yawa cikin yaranmu in za su rubuta tarihin wani gwamna ko ɗan wasa, sai su je shafin BBC Hausa ko Aminiya su kwaso labari ɗungurungum, har da "wakilinmu ya ruwaito", su zuba. Wanda ya fi wayo ya samo na Turanci ya fassara, yana ganin ya ɓad da sawu. Fassara ma sai da izinin mai asali. Abin da ba na kowa ba shi ne labarin kansa: an haifi wane a gari kaza, ya yi mulki daga shekara kaza zuwa kaza. Wannan kowa ya ɗauka. Amma yadda ɗan jarida ya jera kalmominsa, ya fara da wannan ya ƙare da wancan, guminsa ne. Ka karanta, ka rufe, ka faɗa da bakinka, ka nuna inda ka samo. Inda aka yarda ka fassara kai tsaye shi ne daga wata Wikipedia zuwa wata, tunda duk lasisinsu ɗaya ne tun 2009, shi ma da sharaɗin ka rubuta daga wane shafi ka ɗauko. Kai ma duk sanda ka danna maɓallin wallafawa, ka saki naka rubutun ke nan a kan wannan sharaɗin, ko ka karanta 'yan ƙananan baƙaƙen da ke wurin ko ba ka karanta ba.

Alhaji ya ce to littattafan da fa, waɗanda masu su suka daɗe da rasuwa? Hedimasta ya ce rubutu shekara 70 ne bayan rasuwar mai shi, ya shiga lissafi a bayan kwalin sukari. Abubakar Imam ya rasu a 1981, don haka Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja sai ƙarshen 2051. Sa'adu Zungur ya rasu a 1958, nasa waƙoƙin sun kusa, ƙarshen 2028. Mamman Shata 1999, baitocinsa sai 2069 ta ƙare. Ɗan Wiki ya ƙara da cewa ko abu ya kuɓuta a nan, sai an duba dokar Amurka, don can gidauniyar take. Alhaji ya ce, "Shatan da ya yi waƙarsa a fili kowa na ji?" Aka ce masa shi fa. Ya ce to Allah ya ba jikokinmu haƙuri.

Abin dariyar shi ne, ba wai ba mu san haƙƙi ba ne. Mun san shi sarai in namu ne. Matar ƙanena tana rubuta littafin soyayya a WhatsApp, shafukan farko kyauta, in labari ya ɗauko daɗi sai a biya a shiga rukunin masu kuɗi. A saman kowane shafi akwai gargaɗi da jan baƙi: ban yarda a juya min labari ba, ban yarda a karanta min a YouTube ba, wadda ta fitar min da shi waje ban yafe ba, Allah ya isa. Ranar da ta ji wani yana karanta littafinta a tasharsa, har talla na fitowa, gidan bai ci abincin rana a kan lokaci ba. Amma bangon littafin fa? Hoton wata 'yar fim ɗin Indiya ne da ta tsinta a intanet. Na tambaye ta, ta ce, "Yaya, ita ina za ta sani?" 'Yan fim ɗinmu ma haka. Sun yi shekaru suna kuka da masu satar fasaha, daga masu gurza faifai har masu tura fina-finai a waya, kuma kukansu gaskiya ne, an karya jarin mutane da dama. Sai dai masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu a kan yadda labarai da karin waƙoƙin fina-finan Indiya suka yi ta shigowa cikin namu. Laifi tudu ne.

Inda abin ya daina ba ni dariya shi ne in ka duba wa ke ɗaukar mu. Ka nemi tsohon hoton Kano a Commons, za ka ci karo da zanen birnin daga kan Dutsen Dala wanda aka buga a littafin Heinrich Barth a 1857, Bajamushen da ya shigo Kano a 1851. Ka nemi Abubakar Tafawa Ɓalewa, cikin hotunansa masu kyau da kowa ke da damar ɗauka akwai na ziyararsa Amurka a watan Yuli na 1961, yana tare da Shugaba Kennedy. Dalili kuwa, a dokar Amurka duk abin da ma'aikacin gwamnatin tarayya ya ɗauka a bakin aikinsa na jama'a ne, ba haƙƙin kowa a kansa. Mu a nan aikin gwamnati ma yana da haƙƙin mallaka, don haka hoton da ofishin gwamna ya raba wa 'yan jarida ba ya shiga sai ofishin ya saki a rubuce. Shi ya sa za ka ga jarumin fim mai mabiya miliyoyi a Instagram, kullum sabon ɗinki sabon hoto, amma shafinsa na Wikipedia ba fuska, ko kuma wani dishi-dishi da wani ya ɗauka daga nesa a wurin taro. Ba wanda ya hana shi. Bai dai taɓa sa mai ɗaukarsa ya aika saƙon layi huɗu ba.

Ga waya a hannun kowa, wadda ta fi kyamarar Baba ƙarfi nesa ba kusa ba. Tun 2014 ake gasar hotuna ta Wiki Loves Africa, shekarar farko ma a kan abinci aka yi ta. Mai kilishi yana shanya a kan gadonsa, marina na Ƙofar Mata, rumbun ƙasa a ƙauye, dambe bayan kaka, masaƙi da maƙeri, duk suna nan ba sai an sato na wani ba. Ka ɗauka da hannunka, ka ɗora, a rubuta sunanka, ba mai goge maka. Sai dai a nan ma akwai inda mukan zarme. Don kai ka danna ba shi ne ya ba ka damar watsa matan mutane suna rawa a cikin gida ranar kamu ba. Su kansu 'yan Commons suna neman yardar mutum in a keɓantaccen wuri aka ɗauke shi, balle mu da muka san abin da hoto ɗaya ke iya yi wa aure.

Baba mai hoto dai ya kwana biyu yana shawara da 'ya'yansa. Daga baya ya ce na Liman ya saki, saboda Allah da zumunci, magada ma sun ce sun yarda, amma a rubuta sunansa cikakke har da na mahaifinsa. Sauran kuma a dakata tukuna. Sauran nan fa ba kaɗan ba ne: kwalaye ne cike da fim a ƙuryar shagonsa, naɗin hakimai, ɗaliban makarantar allo ranar sauka, kasuwar unguwa kafin a rushe ta a yi shaguna, duk zafi da gara na ci. Irinsa kuma ba unguwar da babu. In akwai shi a taku, ku sayi goro ku je ku gaishe shi, ku zauna ku yi masa bayanin sharaɗin dalla-dalla har da maganar sayarwa da rashin fasawa, in ya yarda a rubuta tun yana da rai. Bayan ransa sai kun tara magada goma sha, kuma kafin su gama shawara wani ya riga ya zubar da kwalayen don a sa injin markaɗe a shagon.